Gwanayen Tace Iska a Ƙasar Magarya da Dungas

Kusan duk maganin da ke gidan likita na karkara a kwali yake zuwa. A sauke shi daga mota, a jera a kanta, ƙarshen wata a ƙirga abin da ya rage: ƙwayar zazzaɓi, ruwan ƙari, allura, har da 'yar ledar gyaɗar nan da ake ba yara masu tamowa. Iskar oksijin ce kaɗai ba ta jeruwa a kanta. Ko dai a ɗura ta da ƙarfi cikin tukunyar ƙarfe a ɗauko daga birni, ko a tace ta nan take a gefen gado, minti bayan minti, har yaro ya daina buƙata. In ta yanke da tsakar dare, babu zancen gobe a rama. Wannan ya sa nake ganin masu wannan aiki, daga mai gyaran na'urori zuwa majo, wato shugaban gidan likita, da ma'aikatan jinya, sun cancanci yabon da ba a cika yi musu ba. Aiki ne na lissafi da kunne da haƙuri, kuma inda aka fi buƙatarsa nan ne ya fi wuya.

Magarya da Dungas suna kudancin jihar Damagaram a Nijar, a bakin iyakar Najeriya ta wajen Jigawa. Da gunduma ɗaya ce, sai a 2011 aka fitar da Dungas ta tsaya da kanta. Ƙasa ce mai cunkoson ƙauyuka da yawan yara, kuma kowace shekara idan damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, zazzaɓi da tamowa sukan haɗu a jikin yaro ɗaya. Tun yunwar 2005 ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, take aiki a Magarya tare da ma'aikatar lafiya ta ƙasa. A 2016 sai da aka buɗe wani sashen yara mai gado 200 a Dungas domin rage wa Magarya nauyi. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar ta sanar cewa yara 730 ne ke kwance a asibitin Magarya, 208 daga cikinsu a ɗakin masu tsananin ciwo, kuma a watan da ya gabata kusan yara goma ke rasuwa kowace rana. Da yawa daga cikinsu an kawo su ne a makare, bayan doguwar tafiya a amalanke ko a kabu-kabu cikin rairayi da taɓo. Yaron da ya taso daga can ƙauyukan Malawa ko Dogo-Dogo yana haki, bai kamata ya jira sai ya isa babban asibiti kafin ya sami iska ba. Tun daga ƙaramar cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa da gidansu ya kamata a tare shi da ita.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Ciwon limoniya yana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 700,000 a duniya kowace shekara, kuma rashin iska a jini ne yakan ƙarasa da yawansu. A watan Mayu na 2023 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da ƙudurin faɗaɗa samar da oksijin, amma rahoton da wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya fitar a 2025 ya nuna cewa a ƙasashenmu na kudu da Sahara, cikin marasa lafiya goma masu buƙatar iskar, da ƙyar ɗaya ke samu.

Gwanintar tana farawa ne tun kafin a taɓa kowace na'ura, wato da gane yaron da ke buƙata. Ma'aikacin da ya goge yana ɗaga rigar yaro ya ƙirga numfashinsa na minti guda: jaririn da ya kai wata biyu amma bai cika shekara ba, in ya kai 50, ya yi sauri, wanda ya haura shekara, 40 ma ta isa a damu. Yana duba ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa, ko ƙofofin hanci suna buɗewa, ko kai yana gyaɗawa da kowane numfashi, ko akwai nishi. Amma ido yana kuskure, har na gwani. Littattafan Turawa sun ce a duba leɓe ko ya yi shuɗi, alhali a fatar yaranmu wannan ba ya fitowa da wuri, kuma yaron da jininsa ya ƙare yana iya mutuwa leɓensa bai taɓa yin shuɗi ba. Abin da ya warware wannan shi ne 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa, wadda wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Tana haska yatsa da haske iri biyu, ja da wani wanda ido ba ya gani, ta auna yadda jini ya sha kowanne, ta fitar da lamba. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, yaron da ya sauka ƙasa da 90 a sa masa iska.

Sai dai lambar ba ta isa ita kaɗai, kuma nan ake bambanta gwani da mai koyo. Mai koyo yana maƙala na'ura, ya ga 78, hankalinsa ya tashi. Gwani kuwa yana taɓa ƙafar yaron ya ji ta yi sanyi ƙarara, sai ya dumama ta cikin tafin hannunsa, ya ce wa uwar, "Baiwar Allah, ba shi nono ya kwanta," ya naɗa ma'aunin jarirai a babban yatsan ƙafa, ya kare shi daga hasken taga da gefen zane, ya jira har layin bugun zuciya ya daidaita kafin ya yarda da abin da ya gani. Ya san baƙin lalle da jan farce suna iya rikita awon uwa mai naƙuda. Ya san kuma abin da masu bincike a jami'ar Michigan ta Amurka suka bayyana a 2020, cewa irin waɗannan na'urori sun fi ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku a kan farar fata. Saboda haka in lamba ta ce 92 amma yaro yana fama, yaron yake bi. Babban tarkon ƙasar zazzaɓi ma shi ne wannan: yaron da cizon sauro ya cinye masa jini yana iya nuna 98, domin ɗan jinin da ya rage ya cika da iska, amma bai isa ya ciyar da jiki ba. Irin wannan yaro jini yake so, iskar kuwa ta riƙe shi ne kafin a isa inda za a ƙara masa.

To, an gane mai buƙata. Daga ina iskar za ta fito? Tsohuwar hanya ita ce tukunya. Babbar tukunya ta haura kilo 60, kuma tana ɗaukar kimanin lita 6,800. Wanda ya iya aiki yana da wannan lissafi a ka: a lita ɗaya cikin minti, za ta kai kwana huɗu da wani abu, a lita biyar, ba za ta cika kwana ɗaya ba. Ƙarama mai lita 680, wadda ake sawa a motar ɗaukar marasa lafiya, a lita biyu tana ba da sa'a biyar da minti arba'in, kuma dole a kwatanta wannan da nisan hanya, da yiwuwar mota ta kafe a rairayi, da ɗan abin da ke zurarewa ta mahaɗi. Zurarar nan kuwa ɓarawo ce babba, shi ya sa gwani ke shafa ruwan sabulu a mahaɗin ya ga ko zai yi kumfa, ya kuma ɗaure tukunya da sarƙa a bango kada ta faɗi. Man shafawa ko giris ba ya kusantar kan tukunya, domin mai da oksijin mai ƙarfi in sun haɗu wuta ce. Akwai kuma wata matsala ta mutanen bakin iyaka: kan tukunya na tsarin Faransa daban, na tsarin Ingila daban, don haka tukunyar da aka samo da wahala tana iya isowa a tarar ma'aunin da ake da shi bai hau kanta ba. Tukunya ba ta son lantarki, wannan ne alherinta. Aibinta shi ne tana ƙarewa, kuma cika ta sai an yi tafiya.

Hanya ta biyu ita ce na'urar tace iska, wadda tsayinta bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, kuma a ganina tana cikin ƙere-ƙeren da suka fi dacewa da karkara. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, kusan 78 naitirojin ne. Na'urar tana zuƙo iskar ɗaki, kwamfaresa ta matsa ta cikin wani bututu cike da ƙananan ƙwayoyin ma'adinin da ake kira ziyolait. Idan an matsa, ƙwayoyin nan suna riƙe naitirojin su bar oksijin ta wuce. Idan an saki, sai su amayar da abin da suka riƙe. Bututun biyu ne, kuma aikinsu kamar luguden mata biyu a turmi ɗaya: wannan taɓarya na sauka, waccan na tashi, daka ba ya tsayawa. Ɗaya na tacewa, ɗaya na fitar da naitirojin, bayan 'yan daƙiƙoƙi su yi musaya. Abin da ke fitowa ta baki oksijin ce mai tsarkin kashi 90 zuwa 95, lita biyar ko goma a minti gwargwadon girman na'urar. Wannan musaya tana da sauti, wani "fush" da ke maimaituwa a kan kari, kuma mai gyaran da ya daɗe a aiki yana tsayawa bakin ƙofa ya saurara, ya gane bawul ya fara maƙalewa tun bai kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Abin takaici, yawancin na'urorin nan an ƙera su ne domin ɗakin wani dattijo a Turai ko Amurka, inda babu ƙura, babu zafi, wuta ba ta ɗaukewa. A ƙasar Damagaram kowane lokaci na shekara da irin sharrinsa. Hunturu yana cika soson da ke tace ƙura, har kwamfaresa ta riƙa numfashi da ƙyar ta yi zafi. Littafin na'ura ya ce a wanke soson kowane mako. Wanda ya san ƙurar Janairu yana dubawa kowace safiya, yana da soso biyu, ɗaya a jiki ɗaya a shanya, kuma ba ya mayar da shi sai ya bushe sarai. Bazara tana kai zafi sama da digiri 40, wanda ya kai ko ya wuce iyakar da aka yi wa yawancin na'urorin, sai a janye ta daga bango, a nisanta ta da labule da rana. Damina ita ce mafi mugunta, domin laima ce ke kashe ziyolait: ƙwayoyin suna shan danshi su daina riƙe naitirojin. Shi ya sa na'urar da aka kulle a sito "don kada ta lalace" ta fi saurin mutuwa a kan wadda ke aiki, kuma gwani yana kunna ko da wadda ba a buƙata lokaci-lokaci domin ta kore danshin cikinta.

Ga wurin da nake so mai karatu ya tsaya. Na'urar da ziyolait ɗinta ya mutu ba ta yin shiru. Tana ƙara, fitila tana ci, 'yar ƙwallon ma'auni tana tsaye a kan lita biyu, iska tana fita ta roba. Uwa ta gani ta yi hamdala, ma'aikaci ya gani ya wuce gado na gaba, alhali abin da yaro ke shaƙa bai fi iskar tsakar gida da komai ba. An sa wa na'urori ƙararrawar da ke kuka idan tsarki ya sauka ƙasa da kashi 82, amma ƙararrawa ma tana lalacewa. Saboda haka a jakar mai gyara na ƙwarai ba a rasa ma'aunin tsarkin iska. Yana haɗa shi da bakin na'ura, ya buɗe ta har iyakar litarta, ya jira ta yi ɗumi, ya rubuta lambar da sa'o'in da ta yi a takardar da ke liƙe a jikinta. Daga wannan takarda yake hango cewa wannan za ta buƙaci sabon bututu kafin Agusta, ya yi odarsa tun ana bazara. Ba a ganin wannan aiki a hoto, ba a yanka masa kintinkiri, amma shi ne ke raba iskar gaskiya da ta bogi.

Sai babbar magana, wato wuta. Ƙauyukan da layin kamfanin wuta na NIGELEC bai kai ba sun fi waɗanda ya kai yawa, inda ya kai ma ba a rantsuwa da shi. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, wutar da ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a mayar ba sai bayan ɗage takunkumi a farkon 2024. Janareta kuwa mai take sha dare da rana. Abin da ya rage shi ne rana, wadda Allah ya wadata mu da ita, amma ita ma sai da lissafi. Na'ura mai cin wat 350 in ta kwana ta wuni tana aiki ta cinye sama da kilowat-awa takwas, kuma fiye da rabinsa daga batir zai fito tunda dare da safiya da maraice faranti ba ya ba da abin kirki. Mai haɗawa na gari ba ya auna faranti da ranar Afrilu. Yana auna su da ranar hadari ta Agusta, domin a watan da gajimare ke rufe sama a nan gadaje ke cika. Yana zaɓen inbata da za ta jure fizgar da kwamfaresa ke yi lokacin tashi. Yana nema wa batir wuri mafi sanyi a ginin, tunda zafi yana rage masa kwana. Yana ware layin iska daban, kada a wayi gari an jona masa firji da cajin wayoyin rabin gari. Kuma yana barin tukunya ɗaya cike a kusurwa, domin daren da komai zai ƙi.

Da yake na'ura ɗaya ce yara kuma da yawa, sai a raba. Jariri sabon haihuwa rabin lita zuwa ɗaya yake buƙata, ɗan ƙasa da shekara lita ɗaya zuwa biyu, don haka na'ura mai lita biyar tana iya ɗaukar yara huɗu ko biyar in an haɗa ta da akwatin rabawa mai ma'auni daban ga kowane gado. Ma'aikaciyar jinya tana tsoma bakin robar cikin kofin ruwa ta ga kumfa kafin ta sa a hanci, ta share majina domin toshasshen hanci ba ya karɓar iska, ta liƙa robar da filasta a kumatu yadda ɗan hannu ba zai fizge ba. Bakwaini kuma da nasa hukuncin: iska in ta yi masa yawa tana lalata masa ido har ya makance, don haka ba a barin lambarsa ta haura 95. Kullum ana gwada cire wa wanda ya fara samun sauƙi, a jira minti goma zuwa goma sha biyar a sake awo. In ya riƙe sama da 90, a miƙa robar ga na gaba bayan an tsabtace ko an sauya.

Akwai sashen gwanintar da ba ya cikin littafin kowace na'ura. A wurare da yawa mutane sun ɗauka in an sa wa mutum oksijin to an gama, domin sun saba ganin ana kawo ta ne a ƙarshe, lokacin da rai ya kusa fita. Sai ka ga kaka ta zare robar da zarar likita ya juya baya. Majon da ya san mutanensa ba ya tsawa. Yana zama, ya sa robar a hancinsa su gani, ya nuna wa uwar lambar da ke yatsan ɗanta tana hawa daga 84 zuwa 93, ya ce, "Iya, kin ga iska ce irin wadda muke shaƙa, an tace ta ne kawai. Ki riƙa duba mini 'yar ƙwallon nan, in ta faɗi ki kira ni ko ƙarfe nawa ne." Daga nan uwar ta zama mai gadin iskar ɗanta, kuma babu ƙararrawar da ta kai ta farkawa.

Amfanin wannan wahala an auna shi. A ƙasar Papua New Guinea, binciken da Trevor Duke da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 ya nuna cewa bayan an sa na'urorin tace iska da na awo a asibitoci biyar, tare da horo da gyara, mutuwar yara masu limoniya ta ragu da kashi 35 cikin 100. A Yuganda, gwajin da aka yi a asibitocin karkara 20 da iska mai aiki da hasken rana, wanda aka wallafa a 2024, ya rage mutuwar yara masu ƙarancin iska da kusan rabi. Nan yankinmu ma, shirin AIRE da ƙungiyar ALIMA ta jagoranta ya shigar da na'urar awon yatsa cikin ƙananan cibiyoyin lafiya a Nijar da Mali da Burkina Faso da Gine. A duk waɗannan wurare an haɗa kayan ne da mutanen da suka iya su.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke son bayar da kyautar da ake gani. Bayan annobar korona na'urorin tace iska sun shigo ƙasashenmu da yawa, kuma duk wanda ya saba leƙa siton asibitoci ya san inda wasunsu suka ƙare, an jibge su ƙura ta rufe, wata don soso, wata don fis ɗin da bai kai kuɗin kwanon gero ba. Ina kira ga 'yan kasuwar Magarya da Dungas, da 'yan ƙasar da ke ci-rani ko zaune a Kano da Yamai da Damagaram, da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa irin su Bande da Waca da Guci da Sasumburum: in Allah ya hore muku za ku taimaki gidan likitan garinku, ku fara zama da majo ku tambaye shi wutar da yake da ita. Ku sayi na'urar tare da farantinta da batirinta, da ma'aunin yatsa na jarirai, da soso da roba da bututun canji na shekara biyu. Ku ware kuɗin man babur ɗin mai gyara da zai riƙa zagayowa. Hukumomin lafiya na jiha kuma su ɗauki samari da 'yan matan yankin da suka iya wuta da sola, a koya musu wannan sana'a, a ba su albashi da jakar aiki, ta yadda kowace gunduma za ta sami nata gwanin kafin damina mai zuwa ta kankama.